Ƙasa da dutse a tafin hannu: yadda jikokin ƴan Sikotlan ke gano asalinsu cikin takardun filaye

A ƙasar Sikotlan, wadda masu Faransanci suka fi sani da Ecosse, kafin shekarar 1845 cinikin gona ba ya kammala a cikin ofis. Dole wakilin mai bayarwa da wakilin mai karɓa su taka har cikin gonar, tare da notar da shaidu biyu. A nan ake duƙawa a ɗebi ƙasa da ɗan dutse a damƙa a hannun sabon mai gona. In haƙƙin kamun kifi aka sayar, raga ake miƙawa. In gida ne a cikin birni, sai a kama masa ƙarfen da ake maƙala kwaɗon ƙofa. Daga nan notar ya rubuta abin da idonsa ya gani: wa ya bayar, wa ya karɓa, ɗan wane ne, ina iyakar gonar ta tsaya, su wa suka shaida.

Sunan wannan takarda "sasine". An daina ɗibar ƙasa da dutse shekaru 180 da suka wuce, amma takardun suna nan a birnin Edimbura, kuma a yau su ne ɗaya daga cikin hanyoyin da mutanen Kanada da Amurka da Ostireliya ke bi don gano ƙauyen da kakanninsu suka baro.

Ƙasa ƙarama, jikoki a ko'ina

Sikotlan yanki ne na arewacin Birtaniya, mai dokokinsa daban da na Ingila, musamman a sha'anin ƙasa da gado. Ƙidayar 2022 ta nuna mazauna cikinta kimanin miliyan 5.4 ne. Amma daga shekarun 1820 zuwa ɓarkewar yaƙin duniya na farko a 1914, kusan mutum miliyan 2 ne suka bar ta zuwa ƙetare. A Kanada kaɗai, fiye da mutum miliyan 4 ke cewa suna da jinin Sikotlan.

Wanda ya tashi neman tushensa yakan fara da takardun haihuwa da aure da mutuwa. Gwamnati ta soma wannan rajista a ranar 1 ga Janairun 1855, kuma daga nan zuwa yau binciken ba shi da wuya sosai. Matsalar tana bayan wannan shekara. Kafin 1855 coci ce ke rubuta baftisma da aure. Kundi mafi tsufa da ya tsira na garin Errol ne, daga 1553, amma wasu yankunan tsaunuka da tsibirai ba su fara rubutawa ba sai a ƙarni na 19. Daga 1783 zuwa 1794 an ɗora harajin kwabo 3 a kan kowane suna da aka shigar, talakawa da dama suka ƙaurace. A 1843 kuma cocin ƙasar ta dare gida biyu, dubban iyalai suka fice daga kundin da aka saba.

Ga kuma rikicin takwara. Al'adarsu ita ce ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu ya ci sunan kakansa na wajen uwa, kamar dai yadda ake yi wa kaka takwara a wurinmu. Sakamakon haka ƙauye guda kan iya ƙunsar John MacDonald biyar ko shida a lokaci ɗaya. Kundin coci zai ba ka sunan, amma ba lalle ya gaya maka wanne ne naka ba. A nan takardar ƙasa ke shigowa, domin ita tana ɗaure suna da wuri.

Dokar da aka yi don maganin ƴan damfara

Ba don masu binciken asali aka kafa rajistar ba. A 1617, zamanin Sarki James na 6, majalisar dokokin Sikotlan ta koka kan mutanen da ke sayar da fili su karɓe kuɗi masu yawa, alhali sun ɓoye cewa sun riga sun ba wani haƙƙi a kan filin. Sai ta zartar da doka: duk takardar sasine dole a kai ta a kwafe cikin kundin gwamnati a cikin kwana 60, kuma kowa na da damar zuwa ya duba. Hukumar Registers of Scotland, wadda ke riƙe da rajistar a yau, tana bayyana ta a matsayin rajistar ƙasa ta jama'a mafi tsufa a duniya da ta shafi ƙasa baki ɗaya.

An yi babban kundi a Edimbura, da ƙananan kundaye na gundumomi waɗanda aka rufe a wajajen 1870, sai kuma na manyan birane masu izinin sarki da ke da nasu daban. Wannan ya sa mai bincike kan duba wuri biyu ko uku kafin ya ce babu.

Abin da ke jan hankalin mai neman asali shi ne yadda takardar ke zayyana dangantaka. Ba ta cewa "wane ya karɓi gona" ta yi shiru. Takan ce wane, babban ɗan marigayi wane, maƙeri a gari kaza, tare da matarsa wance, ƴar wane. A dokar Sikotlan mace ba ta rasa sunan gidan ubanta a takardun shari'a, don haka takarda ɗaya kan buɗe zuriya biyu. Sau da yawa miji kan rubuta wa matarsa haƙƙin cin amfanin gida ko gona muddin ranta, sai sunanta ya shiga kundi. Bashi ma yana shiga: in an jinginar da fili aka karɓi kuɗi, ana rubuta mai bin bashin. Ta haka ɗan kasuwa ko mai sana'ar da bai taɓa mallakar gona ba kan bayyana, saboda ya ranta wa mai gona kuɗi.

Akwai wata ƴar alama da masu bincike ke lura da ita a tsofaffin takardu. In aka sa kalmar "of" tsakanin sunan mutum da sunan wuri, mai ƙasar ne. In aka sa "in", ɗan haya ne. Harafi biyu kacal, amma su ne ke raba attajiri da manomin da ke biyansa.

Gado: babban ɗa ya kwashe

Mutane da yawa kan garzaya wurin wasiyya suna zaton a nan za su ga gidan kakansu, sai su dawo hannu rabbana. Dalili shi ne, kafin 1868 dokar Sikotlan ba ta yarda a bar ƙasa ko gini ta hanyar wasiyya ba. Wasiyya ta shafi abin da ake iya ɗauka ne kawai: kuɗi, dabbobi, kayan ɗaki, kayan aiki. Ƙasa kuwa babban ɗa namiji ke gada shi kaɗai. In babu namiji, ƴaƴa mata su raba daidai. Wannan fifiko na babban ɗa bai kau gaba ɗaya ba sai da dokar gado ta 1964.

Kafin magaji ya karɓi ƙasa, a lokuta da dama sai an tara wasu mutanen yankin, sun yi rantsuwa, sun tabbatar cewa shi ne magajin marigayin. Hukuncinsu ake aikawa Edimbura a ajiye, ana kiransa "retour". In babu ɗa, takardar kan bi dangantaka har zuwa kaka ko kawu domin ta nuna ta inda magajin ya cancanta, abin da ya mayar da ita tamkar salsalar gida. Sai dai kusan dukkansu da harshen Latin aka rubuta har zuwa 1847.

Wannan tsari na gado yana cikin dalilan da suka cika jiragen ruwa da ƙanne. Wanda bai gaji komai ba sai ya shiga soja, ko fatauci, ko ya nufi ƙetare. Ke nan jikan da ke bincike daga Kanada sau da yawa zuriyar ƙanen ne, kuma sunan da zai tarar a kundin ƙasa na wan kakansa ne.

Waɗanda ba su da ko taki ɗaya

Gaskiyar da ke sanyaya gwiwar masu bincike da dama ita ce, mafi yawan ƴan Sikotlan ba su taɓa mallakar ƙasa ba. Ƙidayar masu filaye da gwamnati ta yi a farkon shekarun 1870 ta nuna basaraken Sutherland shi kaɗai yana riƙe da fiye da hekta 400,000. Sauran jama'a haya suke yi.

Misali na kusa da mu shi ne Mungo Park, baturen nan da ya bi kogin Isa a kwalekwale, ya ratsa ta yankin da Yamai take a yau, ya mutu a Busa a 1806. An haife shi a 1771 a gonar Foulshiels kusa da garin Selkirk, shi ne na bakwai cikin ƴaƴa 13. Gonar ba ta mahaifinsa ba ce, haya ya karɓa daga basaraken Buccleuch. Wanda ya nemi mai Foulshiels a kundin mallaka, gidan Buccleuch zai gani. Manomi irin mahaifin Park a littattafan wakilan mai ƙasa ake nemansa.

Manyan gidajen nan suna da wakilai masu tattara haya, kuma suna rubuta komai: sunan ɗan haya, gonar da yake nomawa, abin da zai biya na kuɗi ko hatsi ko kaji, bashin da ake binsa, ranar da yarjejeniyarsa za ta ƙare. In uba ya mutu ɗa ya karɓa, ko gwauruwa ta ci gaba da riƙon gonar, littafin kan nuna. Takardun gidan Buccleuch da yawa suna ajiye a hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa, National Records of Scotland, na gidan Sutherland kuma akwai su a babban ɗakin karatu na ƙasa, duka a Edimbura. Wasu gidajen har yau suna riƙe da nasu, sai an nemi izini.

Mai karɓar haraji shi ma ya bar sawu. A shekarun 1690 an karɓi harajin murhu, aka rubuta masu gidaje. A ƙarni na 18 an yi harajin taga, da na barori, da na agogo, har da na karnuka. Wanda ya fi amfani ga zuriyar manoma shi ne harajin dawakin noma na 1797 zuwa 1798, domin ya kawo sunan manomi da gonarsa da yawan dawakinsa, ko da gonar ba tasa ba ce. Bayan tawayen 1715 da na 1745 kuma, gwamnati ta ƙwace filayen sarakunan da suka yi bore, ta aika jami'ai suka rubuta ƴan hayar da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Da kuɗin waɗannan filaye, fam 12,000, aka fara gina General Register House a 1774, ginin da masu bincike ke shiga a yau.

Lokacin da tumaki suka kori mutane

Ga iyalai da yawa na yankin tsaunuka, littafin haya shi ne wuri na ƙarshe da aka ambaci ƙauyensu. Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa wajajen 1860, masu ƙasa sun gano cewa kiwon tumaki ya fi ƙananan manoma kawo riba, sai suka shiga tashin ƙauyuka. A Sutherland an kwashe dubban mutane daga kwaruruka zuwa bakin teku. A kwarin Strathnaver, a 1814, an cinna wa gidaje wuta. An gurfanar da wakilin mai ƙasa, Patrick Sellar, gaban kotu a Inverness a 1816, aka wanke shi. Da cutar dankali ta kawo yunwa daga 1846, wasu masu ƙasa suka biya kuɗin jirgi aka kwashe ƴan hayarsu zuwa Kanada.

A takarda, abin yana bayyana ba tare da hayaniya ba. Shekara ɗaya ka ga jerin sunaye a ƙarƙashin ƙauye, bayan ƴan shekaru ka ga suna ɗaya tal na mai kiwon tumaki. A kundayen kotunan gundumomi kuma akwai sammacin tashi, ɗauke da sunan kowane magidanci da aka umarta ya fita.

Da manoma suka fara turjiya, musamman arangamar da aka yi da ƴan sanda a tsibirin Skye a 1882, gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Lord Napier a 1883. Kwamitin ya zaga ƙauyuka ya saurari ɗaruruwan mutane, da yawansu da harshen Gaelic ta bakin tafinta, aka buga bayanansu da sunayensu. An kuma sa masu ƙasa suka cika takardu game da ƴan hayarsu: suna, yawan iyali, kuɗin haya, dabbobi. Bayan haka aka yi dokar 1886, wadda ta hana korar ƙaramin manomi muddin yana biyan haya, ta ba shi damar neman a yanke masa haya ta adalci, da damar barin gonar ga iyalinsa.

Kundin da ya haɗa mai gida da ɗan haya

Daga 1855 aka samu kundin da ya sa kowa a shafi guda. Dokar 1854 ta wajabta a riƙa kimanta kowane gida da gona da shago duk shekara domin haraji, a rubuta mai shi, da ɗan haya, da wanda ke zaune a ciki, da ƙimar hayarsa ta shekara. An ci gaba da haka ga gidajen zama har 1989. Ƙidayar jama'a sai bayan shekara goma-goma ake yi, wannan kuwa kowace shekara ne, don haka yana nuna shekarar da iyali suka ƙaura, ko shekarar da sunan miji ya koma na matarsa. Giɓinsa shi ne, a shekarun farko ba dole ba ne a rubuta sunan wanda hayarsa ba ta kai fam 4 ba, wato mafi talauci su ne suka fi ɓacewa.

Tsibirin Lewis ya isa misali. A ƙauyen Tong aka haifi Mary Anne MacLeod a 1912, auta cikin ƴaƴa 10 na wani ƙaramin manomi mai kamun kifi. Ta sauka a New York a 1930 tana da shekara 18, daga baya ta haifi Donald Trump. Ƙasar da iyayenta ke nomawa ba tasu ba ce. Sir James Matheson, wanda ya yi arziki da cinikin ofiyom a Sin, ya sayi tsibirin a 1844, iyalinsa suka riƙe har 1918. Sai Lord Leverhulme mai kamfanin sabulu ya saya, mutumin da kamfaninsa ya saye Niger Company a 1920. A 1923 ya bar wa al'ummar yankin Stornoway ƙasarsu kyauta. Cikin shekara 80 mai ƙasa ya sauya sau uku a kundin mallaka, manoman kuwa suna inda suke. Kundin kimanta haya da littattafan wakilai ne suka riƙe sunayen irinsu.

Ta ina ake farawa

Ƙwararru kan ba da shawara ɗaya: a fara daga abin da aka tabbatar, a koma baya sannu a hankali. Da farko a samo sunan gunduma da na ƙauye ko gona daga takardar mutuwa ko ta aure ko ƙidaya. Sannan a nemi wurin a tsofaffin taswirori. Babban ɗakin karatu na ƙasa ya ɗora dubbansu a intanet kyauta, har da taswirar soja ta William Roy ta 1747 zuwa 1755, wadda ke nuna ƙauyukan da yanzu ko kango babu. Daga nan a duba kundin kimanta haya a shafin ScotlandsPeople na gwamnati, inda aka jera sunayen wasu zaɓaɓɓun shekaru daga 1855 zuwa 1940. Neman suna kyauta ne, ganin hoton shafin ne ake biya. Kundin zai faɗi mai ƙasar, sunan mai ƙasar kuma shi ne mabuɗin littattafan haya.

Ga wanda kakansa ya mallaki wani abu, ko da ɗan gida ne, akwai taƙaitattun bayanan sasine da aka buga gunduma-gunduma daga 1781, da jerin sunaye. Kafin wannan shekara aikin ya fi wuya: jerin sunayen bai cika ba, rubutun hannun na da ne, wasu takardun da Latin, kuma akasari sai an je Edimbura ko a ɗauki mai bincike. Suna ɗaya kan zo da rubutu iri uku. Wasu takardun ma sun salwanta tun tuni: a 1660, ɗaya daga cikin jirage biyu da ke dawo da takardun ƙasar daga Landan, inda sojojin Cromwell suka kai su, ya nutse da duk abin da ke cikinsa.

Tsarin kansa yana sauyawa. Daga 1981 aka fara sabuwar rajista mai dogaro da taswira, wadda ke maye gurbin sasine a hankali. Tsohon tsarin da ya sa kowane mai fili yake ƙarƙashin wani uban ƙasa an soke shi ne a ranar 28 ga Nuwamban 2004. Amma tarin ƙasa a hannun ƴan tsiraru bai kau ba: bincike ya nuna masu mallaka ƙasa da 500 ne ke riƙe da rabin filayen karkara masu zaman kansu. Shi ya sa wasu al'ummomi ke haɗa kuɗi su sayi ƙasar da suke zaune a kai, kamar yadda mutanen tsibirin Eigg suka yi a 1997.

Abin da ya shafe mu

Ɗan Nijar da ya karanta labarin ƙasa da dutse zai tuna cinikin gona a gaban mai gari da liman da dattawan unguwa. Bambancin kawai shi ne, a Sikotlan an tilasta kwafe abin da shaidu suka gani cikin kundin da ya fi shaidun tsawon rai. A nan gida ma hanyar tana nan. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Cofo, kuma ana ba da takardar shaidar gonar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina.

Matashin da ke Abijan ko Tripoli ko Bruxelles yana aiko da kuɗi a saya masa fili a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, yawanci tunaninsa kada a sayar wa mutum biyu, irin damuwar da ta sa aka yi dokar 1617. Abin da labarin Sikotlan ya ƙara shi ne, takardar da aka yi don tsoron rikici ita ce bayan shekara 200 ke gaya wa jika sunan kakansa da ƙauyensa. Saboda haka in za a rubuta, a sa cikakken suna da na uba da na kaka, a sa maƙwabtan gona ta kusurwa huɗu, a sa shaidu. Wanda aro ko haya yake yi, shi ma ya nemi a rubuta. Manoman Strathnaver ba su mallaki komai ba, amma jikokinsu na samun su a yau saboda wani ya rubuta abin da suke biya.